Zaren da Ke Motsi

Riga ce ta haɗa su. Asibiti ya ba wani tela ɗinkin fararen rigunan ma'aikatan ɗakin gwaji, 'yarsa ta kawo su da hantsi a cikin leda. Kowa ya sa tasa ta zauna masa, ban da wani dogon saurayi da hannun tasa bai kai masa wuyan hannu ba.

Ya miƙe hannayen yana kallonta. Ta ce rigar ba ta da laifi, shi ne ya ƙara tsawo bayan an auna shi. Ya yi dariya har ya manta da gilashin da ya ɗora a ƙarƙashin madubin gwaji, madubin nan da ke mai da ƙwayar ƙura kamar dutse. Da ta ga wuni yake ido ɗaya a bakin madubin, sai ta sa masa Ɗan Leƙe. Shi kuma ya ce mata Allura, don siririya ce kuma bakinta na suka.

Abin da ba ta faɗa masa ba sai daga baya: idon Babanta, wanda ya ɗinka rigar, shi ke ja da baya. Lambobin tef sun fara ɓace masa, ita ke zura masa zare a allura, ga wani ƙaiƙayi da ke hana shi zama kan keken ɗinki.

Ranar da Ɗan Leƙe ya je gidansu gaisuwar neman aurenta, an zauna lafiya har Baba ya tambayi sana'arsa. Da ya ji mutum ne mai duba jini da fitsari da bayan gidan jama'a, sai ya ɗan janye kofinsa. Yaron kuma, maimakon ya yi shiru, ya ga tsohon na sosa ƙwauri, fatar ta bushe ta yi dabbare-dabbare, ya tambaya ko Baba ya taɓa zama a bakin kogi.

"Samari, neman aure ka zo ko neman cuta?"

Nan hira ta mutu. Dama Baba na da nasa ɗan takara, mai shagon tabarau na bakin titi, mutum tsaf mai ƙanshin turare, wanda ya canza masa tabarau ya fi a ƙirga, kyauta, ido bai gyaru ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Allurata, na yi wauta, na sani. Amma ki roƙi Mama ta kai shi wurin likita. Ko ba zai ba ni ke ba, idonsa ya fi fushinsa."

Mama ce ta iya. Ta ce masa in ya makance ita ba ta iya yanka yadi ba. Likita ya duba, ya ce a ɗebi fata a gwada, aka tura su ɗakin gwaji. Da Baba ya ga wanda zai yi aikin, saura kaɗan ya juya.

Ɗan Leƙe ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗan tsinci fata a kwankwasonsa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ya sa ta cikin ɗigon ruwan gishiri. Bayan ɗan lokaci ya leƙa. Babu komai. Ya ce a ba shi zuwa gobe, domin abin da yake nema ba ya fitowa daga fata da gaggawa, sai ya jiƙu. Baba ya ce ai ya sani, yanka shi kawai aka yi don a huce.

Washegari da safe ta rubuta: "Ɗan Leƙe, me ka gani?"

"Ku zo da Baba. Jikinsa ne, shi zan fara faɗa wa."

"Ni ma yanzu bare ce ke nan?"

Bai ba ta amsar da take so ba, ita kuma ta ɗauka zagin Baba yake ramawa a kanta. Ta shigo ɗakin gwajin fuska a ɗaure, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

Ya zaunar da tsohon, ya yi masa bayani a hankali: wani ɗan ƙaramin ƙuda na bakin kogi ke sa wa mutum tsutsa, 'ya'yanta su bi fata su kawo ƙaiƙayi, in an bar su su kai ido. Baba ya ce shi jikinsa ba tsutsa, yana wanka. Yaron bai yi musu ba. Ya sauko da kujera, ya murɗa madubin, ya ce Baba ya sa idon da ya fi gani. Gani ya kori ji.

Tsohon ya daɗe a sunkuye. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Zare ne. Farin zare. Amma motsi yake."

"Jiya ma yana ciki, Baba. Bai fito ba ne kawai."

Allura ta dubi saurayin, ta dubi ƙasa. A hanyar gida ta rubuta: "Allura ta soki mai ita. Ka yafe." Ya amsa: "Da ba ta suka da ban ɗauka ba."

Likita ya ɗora Baba kan magani, ya gaya masa gaskiya: abin da ido ya rasa ba duka zai dawo ba, amma saura zai tsira. Ƙaiƙayi ya lafa, barci ya dawo. Maganar aure kuwa Baba bai ce uffan ba, yaron ma bai tayar ba. Wanda ya iya jiran tsutsa ta fito don kanta ai ya iya jiran tsoho.

Wata Asabar Baba ya aika a kira shi shago. Ya sa shi ya tsaya, ya zaro tef daga wuyansa, ya auna kafaɗa, ya auna hannu har wuyansa, ya kusanto da tef ɗin ga fuskarsa ya karanta lambar da kansa.

"Wancan karon na gutsure maka hannun riga," ya ce. "Ta ango ba za ta yi haka ba. Ka turo manyanka."

Allura tana bayan keke, ta ɓoye fuska a yadi.

Ranar ɗaurin aure rigar ta zauna masa cif. Baba ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zuriya masu ido da haƙuri. Da aka kawo abinci ya jawo surukinsa gaban kwanonsa, sannan ya tura masa buta.

"Wanke dai tukuna," ya ce. "Na san inda hannun nan ke wuni."