Kurtu Mai Furfura

Tana goge gilashin kyamara ya yi sallama a ƙofar shagon. Dogo ne, tafin hannunsa duk kanta irin ta bakanike. Ya ce hoton fasfo yake so.

"Na neman aiki ko na neman aure?" ta tsokane shi.

"Na shiga soja."

Ta leƙa cikin kyamara, sai ga silin furfura a gefen kansa. "Malam, ko dai ɗanka za ka raka?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. "Bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce. Tun ina yaro nake so. Jinyar mahaifina ce ta riƙe ni, sai bara Allah ya karɓi abinsa."

Ta ajiye tsokanar, ta ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, ƙanwata.

Tun daga ranar hanyar gudunsa na safe ta koma ta ƙofar shagon. Ya iso yana haki kamar zai faɗi, ta miƙa masa ruwa tana cewa, "Sannu Kurtuna, gwiwa dai ta ƙi ko?" Shi kuma "ƙanwata" ta ɓace daga bakinsa, ta koma "Sanyin idona."

Ranar da ta gaya wa Umma cewa suna son juna, tsohuwar ta ajiye ɗinkin hannunta. Mijin Umma soja ne. Mai hoton tana rarrafe aka kawo musu akwatinsa, shi bai dawo ba.

"Na riga na ba wa kaki miji," in ji Umma. "Ba zan ƙara masa da hawayen 'yata ba. Ga mai kemis nan maƙwabcinki yana sonki, kullum a gidansa zai kwana."

"Umma, rai ai na Allah ne."

"Ni za ki gaya wa?"

Aka ɗauke shi soja. Safiyar da zai tafi sansanin horo, saƙonsa ya shigo:

"Sanyin idona, Umma ta same ni a gareji. Ba ta zage ni ba, kuka kawai ta yi. Ba zan iya ja da hawayen uwa ba. Ki yafe mini, kada ki jira ni."

Ta rubuta masa:

"Kai ka iya jiran babanka shekara da shekaru, ni ce ba zan iya jiranka ba? Kurtuna, kada ka yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba."

Amsa ba ta zo ba. Ta kira, waya a kashe. Ta sake kira washegari, haka. Ta sa a ranta cewa ya canja layi ne don ya rabu da ita.

Watanni suka shuɗe. Tana ɗaukar amare tana ce musu su yi murmushi, ita kuwa nata ya ƙaura. Zoben hannunta ya fara zamewa. Mai kemis ya yi ta zarya, har wata rana ya dube ta ya ce, "Ciwon nan naki ba ni da maganinsa. Allah ya ba ki wanda kike so." Bai sake zuwa ba.

Umma tana kallon komai. Wata yamma ta tarar da ita zaune a bakin gado, abinci ya huce a gabanta. Ta zauna kusa da ita.

"Na ɗauka kuka nake tare miki," ta ce a hankali. "Ashe ni na kawo miki shi tun lokacinsa bai yi ba."

Suka rungume juna, kowa da wanda take yi wa kuka.

Bayan wasu makonni wayar ta yi ƙara:

"Yau aka mayar mana da wayoyinmu, tun a bakin ƙofa suka karɓe. Saƙonki na fara gani. Yaran nan Kawu suke ce mini, kullum ni ne ƙarshe a gudu, gwiwata ta kumbura har na so haɗa jakata. Na gama horon, Sanyin idona. Amma ban san wa zan gaya wa ba. An ɗaura miki aure?"

Kuka ya hana ta amsawa. Umma ta karɓi wayar, ta danna kira da kanta.

"Ɗana, ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure, amma ko gajiyar biki ba su sauke ba takardar tura shi bakin aiki ta iso, can nesa. A tasha amarya ta riƙe hannun rigarsa ta ƙi saki.

"Zan dawo," ya ce.

"Kada ka yi mini alkawarin da ba a hannunka yake ba. Ka dai riƙa kira."

Umma ta dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi muku albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka."

Mota ta tashi. Amarya ta kwantar da kai a kafaɗar mahaifiyarta, tana ta maimaita amin har muryarta ta dushe.