Saƙon da Tela Ya Murɗe

Tun ranar da aka sallamo Auta daga asibiti da jaririyarta, gidan Tela ya cika da ƙamshin hoda da kukan sabuwar baƙuwa, amma maigidan ya kasa haɗa ido da matarsa. In ya shigo sai ya toge a bakin ƙofa yana yi wa bebi wasa daga nesa, kamar wanda ya zo barka gidan maƙwabta. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita ke mulkin gidan. Ta shimfiɗa katifarta a ƙaramin ɗaki, ta karɓe wanka da shafa mai, ko atishawa yarinyar ta yi sai Hajiya ta faɗi dalili.

Da ma ba haka aka shirya ba. Auta ta daɗe tana gyara ƙaramin ɗakin nan saboda mahaifiyarta, Inna mai sayar da gawayi, wadda ɗakinta na haya ba zai ɗauki mai jego ba. Kunnen Inna ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfani, don haka duk saƙon da ke tsakanin uwa da 'ya ta shagon Tela yake bi, tunda yana kan hanyarta ta kasuwa. Sai ga Hajiya ta sauka da akwatinta ranar haihuwa. A barandar asibiti ta ja ɗanta gefe, ta ce ba za a taɓa mata jikar fari da hannun gawayi ba, kuma ba ta manta ranar auren da ta gaida matar nan ta yi banza da ita ba. Ya ce ai ba ta ji ba ne. Ta ce to ya zaɓa, ko ita ko surukarsa.

Tela na son matarsa kamar ransa, sai dai in Hajiya ta ɗaga murya ba ya iya musa mata. Maimakon ya tsaya ya lallashe ta, sai ya shirga ƙarya ya raba ta gida biyu. Ya je ya duƙa gaban Inna, ya ɗaga murya ya ce an sauka lafiya, amma Auta ta ce ta dakata tukuna, gida cike yake da manyan baƙi. Ya dawo ya ce wa Auta Inna na gaisuwa, sai dai ta ce kasuwa ta buɗe, ba za ta iya barin gawayinta ba. A ransa cewa yake kwana kaɗan ne, Hajiya za ta huce ya gyara komai.

"Oke," kawai Auta ta ce, ta juya fuskarta bango. Daga ranar abinci ya daina shiga mata, nono ya ragu, bebi ta shiga tsala kuka. Hajiya kuwa ta samu abin yi, safe da yamma tana mitar 'yan matan zamani da ba su iya komai ba sai kwalliya.

A shago ma bai tsira ba. Kullum da la'asar Inna za ta biyo, ta tsaya a famfon bakin titi ta wanke hannu da sabulu har sai ya yi jawur, sannan ta ɗosana a gefen benci ta ce ya nuna mata hoton jaririyar a wayarsa. Sai ta riƙe wayar da hannu biyu tana murmushi, tana cewa goshin na Auta ne sak. Ba ta taɓa tambayar yaushe manyan baƙin za su tafi ba. Wata rana ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan yadi mai furanni, ta ce ya ɗinka wa yarinyar riga, amma ya ce shi ya saya, kada a ji daga inda ya fito a ƙi sa mata. A ranar nan Tela ya datse hannun rigar wani kwastoma har gwiwar hannu, bai ma lura ba sai da mutumin ya zo gwaji.

Da ya kai rigar gida, Auta ta juya ta tana yaba ɗinkin, sai hawaye. Ta kalli 'yarta ta ce, "Ka ga wannan? Ranar da ta haihu, ko da rarrafe ne zan je mata. Ni ban san me na yi wa Inna ba." Tela ya buɗe baki, ya jiyo takun Hajiya, ya ce mata sori, ta yi haƙuri. Ya fita yana jin ƙyamar kansa.

Ana haka wata yamma Inna ta zo babu kwandon gawayi. Ta ce ta zo sallama ne, gobe za ta koma wurin babban ɗanta can nesa. Tunda Allah ya ba Auta mutanen da suka fi ta, gara ta matsa kada ta zame mata abin kunya. Ta roƙi ya wanke mata hoton ta tafi da shi. Tela ya tashi daga kan keken ɗinki, ya ja ƙofar shago, ya ce ta hau babur Auta na kiranta.

Hajiya na falo da jaririya a cinya suka yi sallama. Auta ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta tsaya cak.

"Inna, sai yau?" ta ce da ƙarfi don ta ji. "Ashe gawayi ya fi ni? Na aika kin ce ba za ki bar kasuwa ba."

Inna ta daɗe tana kallon bakin 'yarta. Sannan ta juya ta dubi surukinta, wanda gumi ya jiƙa wa wuyan riga, ta dubi Hajiya. Kurma ce, amma ba wawuya ba ce.

"Yi haƙuri, 'yar nan," ta ce a hankali. "Laifina ne. Son kasuwa ne ya ja ni."

An buɗe wa Tela ƙofar tsira, shiru kawai zai yi ya wuce. Tsohuwar da ya hana ganin jikarta ita ce ta ɗauki laifinsa ta aza a kanta don kada auren 'yarta ya girgiza. Wannan ne ya fi ƙarfinsa. Ya zube a tsakar falon, ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji, ya faɗi abin da ya ce wa kowaccensu, bai rage ko ɗaya ba. Hajiya ta yunƙura za ta yi magana, ya juya gare ta kansa a ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ban taɓa saɓa miki ba, kuma ba zan fara raina ki yau ba. Amma yadda kike uwata, haka Inna take uwarta."

Kafin Hajiya ta samo amsa, Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata sannu da ɗawainiya, ta ce Allah ya saka da alheri da ta riƙe mata yarinya. Irin su Hajiya ba sa cewa sun yi kuskure. Ta dai gyara zama, ta miƙa wa Inna jaririyar tana cewa a tallafi kan da kyau, da yamma kuma aka ga ta ja katifarta gefe guda a ƙaramin ɗaki. Inna ta fasa tafiya.

Auta kuwa ta ɗauke wa mijinta wuta. Ya yi magiya, ya yi ban haƙuri, har Inna ta sa baki. Ranar da ta tanka masa tana shayar da bebi ne, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba raba ni da ita da ka yi ne ya fi ci min rai ba," ta ce. "Ina ba 'yata nono ina jin haushin uwata, kai kuma kana tsaye kana kallo."

Sannu a hankali ta sauko, don tana son sa, kuma ta ga ya daina ɓoye-ɓoye ko da gaskiyar za ta ɓata wa Hajiya rai.

Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba a yin ta da hawayen uwar wani, kuma namijin da ya rasa ƙarfin halin faɗin gaskiya a gidansa, masoyansa ne ke shan wahalar tsoronsa. Haƙurin Inna ya kai ta inda hayaniya ba za ta kai ta ba, a bayanta yarinyar ta girma. Tela ya samu gafarar kowa, amma har 'yarsa ta fara tafiya, duk ranar da Inna ta sa masa albarka sai ya sunkuyar da kai.