Hannun Daman Toby

"Baba, don girman Allah ka daina taɓa min hannun yaro!"

Haka na faɗa wa surukina Desmond da rana tsaka, yana tsaye yana gasa naman rago a bayan gidanmu na Perth ta Ostareliya, zafin Disamba na dukan kowa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Wane hannu kuma, Bronte?"

"Na dama! Da shi Toby ya fara cin abinci, da shi yake zane. Yanzu in na miƙa masa cokali sai ya ɓoye hannun a bayansa, ya kalli ƙofa kamar marar gaskiya... Yaron da bai cika shekara uku ba!"

Duk wanda ya zauna gidan 'yan besbol, wasan nan na jifan ƙwallo a buge ta da sanda, ya san zancen. Masu jifa da dama sun yi yawa, amma bahago ko jifansa ba ƙarfi, ƙungiyoyin Amurka rububinsa suke yi. Baba Desmond kuwa a koyar da yara wasan ya tsufa, kuma tun ranar da na haihu yake cewa a ɗaure wa jaririn dama.

"Haba 'yata, raha ce fa na yi a asibiti. Tsoho ba zai yi raha ba?"

Ya yi dariya, amma idonsa ya zame zuwa gareji, inda mijina Jarrod yake.

Dama tun dawowar Jarrod daga Amurka, inda yake yi wa wata ƙungiya wasa, hankalina bai kwanta ba. Duk shekara yakan bar kayan wasansa a gidan da ke ba shi masauki can, bana kuwa har tsofaffin takalma ya kwaso. Ƙungiyar garinmu ta neme shi, ya ce hutu yake. Wayarsa kullum a kife. Na zargi mace, na shinshina riguna, na duba aljihu, ban samu komai ba sai takardar alawa.

Washegari na ce zan je cefane. Na ajiye mota a kwanar layi, na dawo da ƙafa ta ƙofar gefe, na laɓe bayan tankin ruwa.

Ga Jarrod a durƙushe gaban Toby. Ya zura wa hannun daman yaron safa, ya cusa shi cikin aljihun wandon Toby.

"Wannan hannun ya yi barci, ko jarumina? Jefo min da ɗayan."

Toby ya jefa lemon tsami da hagu, ya faɗi gaban ƙafarsa. Ya yi ƙoƙarin zaro daman.

"A'a! Barci yake na ce. Kuma kar ka faɗa wa Mama, sirrinmu ne."

Leɓen yarona ya fara rawa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na sunkuci ɗana, na fizge safar na wurgar.

"Jarrod Vella! Ashe kai ne?"

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Kar ka kira ni haka! Na ci mutuncin tsohonka a banza, ashe ɓarawon a ɗakina yake kwana! Har da koya wa ɗana ɓoye min magana?"

"Gata nake masa."

"Gata? Dubi fuskarsa! Tsoron hannunsa yake ji. Wallahi yau ɗin nan zan tattara shi mu tafi gidan mamata, in ya so ka ɗaure naka hannun!"

Ya zauna daɓas a ciyawa, ƙaton mutum kamar an zare masa laka.

"Sun sallame ni, Bronte."

Toby ya cusa kai a wuyana.

"Tun kafin in taso. Koci ya kira ni ofis, ko zama bai ce in yi ba. Ya ce jifana ba laifi, amma masu dama irina sun fi ƙarfin lissafi. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ko kusa bai kai ni ba, suka riƙe shi don bahago ne. Tun ina ɗan sha takwas nake bin motocin dare daga gari zuwa gari, ban ga haihuwar ɗana ba, ban ga takunsa na farko ba... duk a kan hannun da ba a so." Muryarsa ta karye. "Na rantse ba za a yi wa Toby haka ba."

"Baba ya sani?"

"Ya gane. Ya ce in faɗa miki, na kasa. Ke kika riƙe gida da aikin asibiti ina can ina mafarki. Da wane ido zan kalle ki?"

Hawaye suka zubo min, amma ban sassauta murya ba.

"Ka saurare ni, Baban Toby. Ni ba ɗan wasa na aura ba, kai na aura. Amma yaron nan ba ramuwarka ba ne. In ya so besbol ya yi da hannun da Allah ya ba shi, in kamun kifi ya so, shi ke nan. Ka sake taɓa shi ko ka sake ɓoye min abu, ba za ka same mu a gidan nan ba. Ka ji?"

"Na ji, na rantse." Ya matso da gwiwoyinsa, ya kama hannayen Toby duka biyun ya ɗora a fuskarsa. "Ka yafe wa Baba, jarumina..."

Toby ya shafa masa kunci. "Baba na kuka, Mama."

"Ƙyale shi ya yi, an daɗe ana bin sa bashin kukan nan."

Jarrod ya ɗago da jajayen idanu. "Yanzu me zan zama, Bronte? Ban iya komai ba sai jifa."

Na durƙusa na haɗa goshina da nasa.

"Wannan za mu nemo shi tare, masoyina. Amma na yau dai na sani." Na ɗora masa yaron a cinya. "Ɗanka ya ɓata wando. Tashi ka fara da nan."