Kwamfutar da Baba Ya Haɗa

"Gwaggo, don girman Allah ki bar min ita, aikin jarrabawata duk yana ciki!" Haka Ruhaina take roƙo tana durƙushe a tsakar gidansu da ke unguwar Maamobi, hawaye shaɓe-shaɓe, amma ina! Gwaggo Safara'u ta riga ta rungume kwamfutar, ta tara 'yan haya da maƙwabta har da Liman Abdul-Razak, tana rantsuwa cewa yarinyar sakawa take yi, damfarar mutane ta intanet. "Wane karatu ne mace za ta zauna tana latse-latse tana magana da allo? Malam, ka zama shaida, daga yau na raba ta da wannan shaiɗaniyar aba!"

Allah sarki maraici! Mahaifin Ruhaina a bolar Agbogbloshie ya ƙare rayuwarsa yana fasa matattun na'urori, hayaƙin ƙona wayoyin lantarki ya cinye masa huhu. Da guntayen da yake tsinta ya haɗa mata wannan kwamfutar, ya ce, "Ni fasawa na iya, 'yata, ke ki je ki koyi ginawa." Yana rasuwa ta koma hannun ƙanwarsa, da safe ta ɗauki tukunyar wake da shinkafa zuwa bakin titi, da yamma ta ruga makarantar koyon kwamfuta.

Kafin sati ya zagayo sunanta ya ɓaci daga Maamobi har Nima. Ƙawaye suka guje ta, masu sayen abinci suna nuna ta da baki. Malaminsu ya tausaya mata, ya bar ta tana sake aikin daga farko a na'urar makaranta idan an tashi. Sai dai duk sanda ta ɗora yatsu, baƙon allon latsawa take ji, ta tuna nata mai harafi ɗaya da ya bambanta da sauran, wanda Baba ya liƙa da hannunsa... sai kuka ya ƙwace mata. "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata."

Ashe Gwaggo ɗanta Braimah ta miƙa wa kwamfutar, ɗan gatan da ba ya aikin fari bare na baƙi! Wata ranar Juma'a ana sakkowa daga masallaci sai ga 'yan sanda sun fito da shi daga gida da ankwa, sun kama shi dumu-dumu yana damfara da kwamfutar. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana ihu. "Ba tasa ba ce! Ta waccan marainiyar ce, ita za ku kama!"

Liman ya matso, ransa a ɓace. "Haba Safara'u, ki ji tsoron Allah. Ke kika kira ni shaida, a gabana kika ƙwace ta tun kafin azumi. Duk gidan nan sun gani."

Ramin da Gwaggo ta gina shi ya rufta da ɗanta.

Braimah ya tafi gidan yari. Ruhaina kuwa ta ci jarrabawa, wani kamfani a unguwar Tudu ya ɗauke ta aiki. Ranar da kotu ta maido mata da kwamfutar, Gwaggo ta zube a gabanta tana kuka. "Ki yafe min, 'yar yayana..."

Ruhaina ta ɗago ta, ta share mata hawaye da gefen mayafinta. "Na yafe miki, Gwaggo. Ke kaɗai kika rage min mai kama da Baba."