Ruwan Rijiyar Gidan Inna Falmata

An ɗaura auren Dakta Bahijja Isyaku da Malam Abdulƙadir Usman ranar Asabar da hantsi a Gwale, bayan an ɗaga shi sau biyu. Ba sadaki ne ya jawo jinkirin ba, ba kuma lefe ba. Kwanon ruwa ne da amarya ta taɓa ƙin sha.

Bahijja malama ce a jami'a, masaniyar ƙwayoyin cuta. A bara wata gidauniya mai tallafa wa mata masu tasowa a kimiyya ta ba ta kyautar bincike, domin ta auna ruwan rijiyoyin cikin gari. Abin da ya fifita ta a wajen alƙalai shi ne, ita mace ce: tana wuce zaure har tsakar gida, inda abokan aikinta maza ba sa shiga. Haka ta riƙa bin lunguna daga Kabuga zuwa Ɗan Agundi da jakar kwalabe a kafaɗa, tana komawa gida ƙafafunta a kumbure.

A ɗaya daga cikin zaurukan ta samu Abdulƙadir, malamin makarantar sakandare, yana gyara allunan marigayi mahaifinsa.

"Ruwa kuke saya ko sayarwa?" ya tambaya.

"Aro nake. Rabin kwalba."

"Yaushe za ki dawo mana da shi?"

Ta gaji, ba ta da niyyar dariya, amma ta yi. Ya kira ta Malamar Ruwa, ita kuma ta sa masa Alaramma. Kafin damina ta ƙare ya san hanyar ƙofar gidan su Bahijja, manyansa kuma suka je aka yi gaisuwa.

Rijiyar gidan su Abdulƙadir ba kamar sauran take ba. Kakansa ne ya haƙa ta da ya zo daga Barno, da ruwanta ake wanke rubutun sha, kuma matan unguwa sukan aiko a ɗebo wa mai jego. Mahaifiyarsa, Inna Falmata, tana cewa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba.

Sakamakon ya nuna ruwan ya gurɓata. Bahijja ta sake gwadawa, ko da kuskure daga wajenta. Babu kuskure.

Ta koma gidan da niyyar faɗa wa Inna a keɓe, sai ta tarar da tsakar gida cike da mata. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta tashi da kanta ta ɗebo ruwa a randa cikin kwanon sha.

"Sha, 'yata. Rana ta buge ki."

Bahijja ta karɓa da hannu biyu. Ta san abin da ke ciki, ta gan shi da idonta a madubin gwaji. Ta ajiye kwanon a gefen tabarma.

"Na gode, Inna. Na ƙoshi."

"Azumi kike?"

Da ta ce e, da maganar ta wuce. Ta ce, "A'a, Inna."

Kafin la'asar unguwa ta ji cewa budurwar Abdulƙadir tana ƙyamar ruwan gidansu. Da aka ji dalilin, abin ya fi muni. Aka daina aiko yara da bokiti. Inna ta ce a dakatar da maganar aure.

Saƙon Abdulƙadir ya shigo mata tana ɗakin gwaji: "Malamar Ruwa, kurɓa ɗaya fa. Da ba za ki mutu ba."

Ta rubuta: "Da na sha a gabansu, da na shaida musu cewa lafiyarsa ƙalau. Akwai mai jego a wurin."

"To ki cire gidanmu daga rahoton. Inna ta ce shi ke nan sharaɗinta."

Ta daɗe tana kallon wayar. Babu sunan gida a rahoton, lamba ce kawai a taswira, kuma babu wanda zai lura idan ɗigo ɗaya ya ɓace. Ta rubuta: "Idan na cire ɗaya, sauran ma ba abin yarda ba ne. Ka yi haƙuri, Alaramma."

Bai amsa ba. Makonni suka wuce. Mahaifinta, Malam Isyaku, ya kira ta ya ce, "Bahijja, ba zan sa ki ƙarya ba. Amma ba zan kai ki gidan da ba a shan ruwa da ke ba." Ta ci gaba da bin lunguna. A wasu gidajen yanzu, tun daga zaure ake ce mata matan gida ba sa nan.

Wata Juma'a da yamma Abdulƙadir ya zo. Ya rame. Ya tsaya a soro bai zauna ba.

"Ban zo rarrashi ba," ya ce. "Tambaya na zo yi. Kakana ya sha, babana ya sha har ya tsufa. Me ya same ta yanzu?"

Wannan ce tambayar da ta so wani ya yi mata tun farko. Ta tambaye shi ko an yi sabon gini a gidan. Ya ce da aka raba gado an ja katanga, an haƙa masai a sabon sashen.

"Ina yake daga rijiyar?"

Ya zauna. "Katangar ce kawai tsakaninsu."

"To ba rijiyar ce da laifi ba. Ka gaya wa Inna haka. Ni ban samu damar faɗa ba."

"Kin samu. Ba ki iya magana ba ne, Malamar Ruwa."

"Kai kuma ka iya shiru."

Ya ɗauki lokaci kafin 'yan'uwansa su yarda. Aka cike masan, aka haƙa wani can ƙurya, aka kira masu yasa suka yashe rijiyar. Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta dai gaya wa maƙwabta cewa dama ta san rijiyar surukinta ba ta da aibu, aikin magina ne. Da aka sake kawo maganar rana, ba ta hana ba.

Ranar da aka kai amarya, sashen Inna aka fara shigar da ita. Mata suka zuba ido lokacin da tsohuwar ta miƙe ta ɗauko kwanon nan. Bahijja ta karɓa a ƙarƙashin mayafi. Sai ta ji ɗumi a tafinta. An tafasa ruwan, bai gama hucewa ba.

Ta shanye duka.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji Inna, ba ta kalle ta ba. "Ya ba ku zaman lafiya. A miƙo min kwanona."

Aka rangaɗa guɗa.

Rijiyar tana rufe da faifan ƙarfe har yanzu. Bahijja ta ɗebi sabon samfur kwana biyu kafin biki, yana ɗakin gwaji. Sakamakon bai fito ba.