Surukin Maƙarfi a Gidan Ikara

"Ku mayar musu da kayansu Maƙarfi! Yau ɗin nan, ba gobe ba!"

Rumaisa na tsaye a ƙofar ɗakinta lokacin da muryar mahaifinta, Malam Tukur, ta cika gidan. Tana kallo gwaggonninta biyu suka riƙa fitar da akwatunan lefenta zuwa mota, kowace kanta a sunkuye.

"Baba, don Allah... me ya yi?"

"Yaron da ya tsaya a bainar jama'a ya ce Ikara ta tsufa, ba zai auri 'yar Ikara ba!"

Saura 'yan makonni bikinta da Ja'afar, malamin sakandare ɗan Maƙarfi, sai maganar ƙirƙirar sabuwar jiha ta sake tasowa. Aka ce in an samu jihar za a raba ta shiyya-shiyya, kowace da hedikwata, da babban asibiti, da ofisoshi. Ikara ta ce ita ce ta dace, Maƙarfi ta ce ita ce. Malam Tukur ne shugaban kwamitin mutanen Ikara, Ja'afar kuma aka ɗora wa magana da yawun mutanen Maƙarfi.

Shi kuwa bidiyon jawabin Ja'afar da ya tayar da hankalin Malam, sakataren kwamitinsa ne ya nuna masa, Shamsuddeen, wanda ya taɓa neman Rumaisa ta ce ya yi haƙuri.

Ta shiga ɗaki ta kira Ja'afar.

"Da gaske ka ce garinmu ya tsufa?"

"Rabin raina, yanke maganar aka yi. Cewa na yi Ikara ta tsufa tana ɗauke da nauyinmu, uwa ce, lokaci ya yi da 'ya'yanta za su rage mata kaya."

"To ka fita daga kwamitin nan mana! Ka fita, Baba ya huce..."



"Ba zan iya ba, Rumaisa. Mutanen Gubuchi da ƙauyukanmu sun yarda da ni. Matar da naƙuda ta kama a can, kin san wuyar da take sha kafin ta ga likita? In na watsar da su saboda son kaina, ke ma wata rana za ki daina yarda da ni."

"Wato hedikwata ta fi ni?"

"Wallahi babu abin da ya fi ki, sahibata..."

Ta kashe wayar ta kifa kanta a filo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ta san wannan tsayuwar tasa ce ta fara sa ta son shi.

Da safe ta kai wa mahaifinta koko ta durƙusa a gefe. Bai kore ta ba. Ya daɗe yana juya ludayi kafin ya yi magana.

"Ku yara ba ku sani ba. Ina saurayi duk yankin nan Ikara ake zuwa. Aka yanki nan, aka yanki can aka yi sababbin ƙananan hukumomi, ina kallo abokan aikina suka kwashe iyalansu suka tafi. Ban taɓa jin haushin Maƙarfi ba, 'yata. Tsoro nake ji kada a wayi gari ba wanda ya tuna da mu."

"Baba, shi ma tsoron da yake ji wa mutanensa ke nan."

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya kau da kai.

Dattawan ɓangarorin biyu suka shirya zama a Kudan, don kada a ce an yi a gidan wani. Rumaisa ta bi mahaifiyarta, Inna Mero, suka zauna cikin mata a baya.

Malam Tukur na miƙewa sai samarin Maƙarfi suka kaure da ihu.

"Zauna, tsoho! Zamaninku ya wuce!"

Rumaisa ta runtse ido, hawaye na bin kumatunta.

Sai ta ji muryar Ja'afar.

"Duk wanda ya sake buɗe baki, ni zan fara fita daga ɗakin nan! Wannan uba ne. Da yawa cikin iyayenku shi ya koya musu karatu. Baba, ka ci gaba, in lokacinka bai isa ba ka haɗa da nawa."

Malam Tukur ya faɗi duk abin da ke ransa, ba wanda ya katse shi.

Da aka zo kan Ja'afar, bai janye ko kalma ɗaya daga buƙatar Maƙarfi ba. Ya maimaita maganarsa ta rannan cikakkiya, tun daga tsufan Ikara har zuwa matsayinta na uwa. Malam Tukur ya juya a hankali ya dubi Shamsuddeen. Shamsuddeen ya sunkuyar da kai yana latsa waya, daga baya ya sulale ya fice.

An tashi ba a daidaita ba. A bakin ƙofa Ja'afar ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da ƙoƙari."

"Ban yarda da hujjarka ba, ka sani."

"Na sani, Baba."

"Kuma duk zaman da za a yi, sai na kayar da kai."

"Allah ya ba mai gaskiya sa'a, Baba."

Malam Tukur ya yi ɗan murmushin da bai shirya ba.

"Ka gaya wa iyayenka ina neman afuwarsu. Ranar da aka sa tana nan."

Rumaisa ta ƙanƙame hannun Inna Mero, dariya da kuka suka haɗe mata.

An ɗaura aure, aka kai amarya Maƙarfi. Maganar jiha kuwa tana nan ana ta jan ta. Duk ranar kasuwar Maƙarfi Malam Tukur kan biyo ta gidan, su zauna da surukinsa su yi ta musu har tuwo ya huce.

Wata ranar bayan sun raka shi mota, Ja'afar ya riƙo hannunta.

"Amaryata, ke fa ba ki taɓa faɗa ba. Ikara ko Maƙarfi?"

Ta sunkuyar da kai, ta ɗora tafin hannunsa a kan cikinta.

"Ka jira mai zuwa ka tambaye shi... shi da yake da gida a ko'ina."