Auren Hureira a Tantin Agaji

"To tafi mana, Yaya Sha'aibu... wa ya riƙe ka?"

Haka na gaya masa a zauren gidanmu da ke unguwar Kilomita Biyar a Bangui, ruwan sama yana dukan kwano kamar zai ɓarka shi. Ranar Juma'ar nan za a ɗaura mana aure, shi kuwa ga shi tsaye da jakar magani a kafaɗa.

Kogin Ubangi ne ya tumbatsa. Ƙauyukan masunta da ke ƙasa da Bangui sun nutse, mutane sun maƙale a kan tuddai, ga atini ga raunuka. Sha'aibu malamin asibiti ne, ya yi shekaru yana ɗaure raunin sojoji a yaƙin Faransa na Indoshin, don haka shi aka fara nema da za a tura jirgin ruwan agaji.

"Hure, sanyin idona, dube ni," in ji shi. "Akwai yara a can. In na zauna cin tuwon biki suka mutu, da wane ido zan kalle ki?"

Na juya masa baya. Baffa, mahaifina, ya fito daga ciki ransa a ɓace, ya ce an riga an raba goro, 'yan'uwa sun iso tun daga Garwa, duk wanda ya tsallake ranar aurensa ya tafi to ya nemi wata matar a can cikin ruwa. Sha'aibu ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Duk da haka ya tafi.

Ruwa bai ɗauke ba. Washegari da hantsi Baffa yana shagonsa na atamfa yana ɗaga kaya sama, bangon baya ya jiƙe ya rufto masa a ƙafa. Da na iso a guje, jini yana tsartuwa, maza sun kewaye shi sai salati suke yi. Na cire ɗankwalina na ɗaure cinyar tam, yadda Sha'aibu ya taɓa kwatanta mini a hira. Hanyar cikin gari ta yanke, amma aka ce masu agaji sun kafa tanti a wani tudu kan Titin Koudoukou. Muka ɓalle ƙyauren shagon muka ɗora shi a kai.

Ban taɓa ganin abu irin tantin nan ba. Mutanen unguwar Miskine da gidaje suka faɗa wa, Musulmi da Kirista, duk a jere kan tabarmi. Likitar Bafaranshiya ce, gajeriya mai furfura, da mataimaka biyu kacal. Ta ɗinke ƙafar Baffa, ta ce ɗaurin nan ne ya tsare masa rai.

Ina shirin zama kusa da shi sai na ji tana fama da wata tsohuwa da ba ta jin Sango, yaren garin, ba ta jin Faransanci. Na matsa na fassara. Daga nan ban ƙara zama ba. Na tafasa ruwa, na yayyaga akoko aka yi bandeji, na riƙe yara ana yi musu allura. Matan unguwarmu da suka ɓoye ciwonsu don kada namiji ya taɓa su, na bi su gida-gida cikin taɓo na jawo su. Innata, Iyatu, ta aiko a ce amarya ba ta yawo da lalle a ƙafa, in koma gida. Baffa, yana kwance yana kallon duk abin da ake yi, ya ce a gaya mata a bar ni.

Juma'a ta zo ta wuce, jirgi shiru. Wani ya ce an ga ɓaraguzan katako suna bin ruwa. Ina wanke raunin wani yaro hawaye yana ɗiga a hannuna, uwarsa ta dafa ni tana cewa "yeke yeke", wato a hankali. Abin da ke cina shi ne bayana na juya masa, ko sai ka dawo ban ce ba.

Ranar Lahadi da la'asar wata babbar mota ta tsaya a bakin tanti, aka shiga sauke marasa lafiya. Na ruga don in tari wata jaririya... sai na ga hannun da ke miƙo ta. Sha'aibu ne, ya rame, gemu ya fito, rigarsa duk laka.

"Hure? Me kike yi a nan?"

"Aikinka nake yi," na ce, kuka da dariya suka haɗe mini. "Yaya, ka yafe mini..."

"Riƙe kanta da kyau, masoyiyata. Yafiya sai mun shiga ciki."

Baffa ya hango mu. Ya yunƙura ya zauna, ya kira Sha'aibu da sunansa. Sai na ji yana cewa shi da ya kwana a tantin nan ya ga abin da bai gani ba daga zaurensa, kuma ba zai ƙara jiran wata Juma'ar ba. Liman Alhasan yana tabarma ta gaba da karyayyen hannu, aka tashe shi. Aka aika a kira Nasidi, kawun ango, ya zo wando a naɗe har gwiwa.

A nan aka ɗaura, tsakanin warin aidin da kukan jarirai. Matan Miskine suka rangaɗa guɗa tare da namu, Inna ta iso da kwanon fura tana share ido, likita tana tafi ba ta san me ake cewa ba.

Ba a gama shafa fatiha ba wata mata ta ƙwalla ƙara daga ƙarshen tanti, naƙuda ta kama ta. Sha'aibu ya dube ni, idanunsa suna ƙyalli.

"Amarya, ruwan zafi."

Na tattare zanena na ruga.